Da bakina ya mutu a daji, akwai mai roƙo domina

Ni bakaniken babura ne a Gusau. Na haura shekara 19 a wannan sana'a, kuma duk wanda ya san hannuna ya san ba a dawo mini da aiki. Na fara da wannan ne domin hannun nan da nake taƙama da shi, shi ne ya sa na yi wata da watanni ina ganin Ubangiji ya share sunana.

Gidanmu gidan masu bi ne tun daga kakana. Bamaguje ne, manomi, kuturta ta kama shi aka kai shi asibitin kutare na Amanawa kusa da Sakkwato, wanda 'yan mishan na SIM ke riƙe da shi a lokacin. A can ya sha magani, a can ya koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932. Ya dawo gida da guntayen yatsu da sabuwar bangaskiya. Mu jikoki mun tashi mun tarar da ita kamar rijiya a tsakar gida, muna ta sha, ba wanda ya taɓa tambayar zurfinta. An yi mini baftisma ina saurayi, ina zuwa sujada, ina fitar da zakka, ina cikin mawaƙa. Da ka tambaye ni a lokacin ko ina da tabbacin ceto, da na ce maka ƙwarai kuwa. Amma da ka tona, da ka tarar tabbacin nawa a kan ƙoƙarina yake zaune. Ina riƙe da Allah da kyau, saboda haka shi ma yana riƙe da ni. Lissafina ke nan.

A ƙarshen watan Agusta na 2021 wani ya kira ni in duba masa injin niƙa a wajen Magami. Kowa ya san halin hanyar Gusau zuwa Ɗansadau. Matata ta ce, "Maigida, ka bar aikin nan, Allah zai kawo wani." Na ce mata komawar yara makaranta ta matso, ba a zaune ake biyan kuɗin ba. Na je, na gama aiki lafiya. A kan hanyar dawowa, kafin la'asar, 'yan bindiga suka fito daga cikin dawa suka tare motarmu.

Ba zan ja labarin tafiyar ba. Mun kwana muna tafiya a cikin ruwan sama da laka, wanda ya faɗi a tashe shi da gindin bindiga. Da muka isa sansaninsu suka ɗaure mu biyu-biyu da sarƙa a ƙafa. Ni aka haɗa ni da wani dattijo Musulmi mai sayar da goro, wanda zai yi sa'an babana. Abinci sau ɗaya a yini, tuwon masara gaya, ruwa kuma na kududdufi. Dattijon nan da taimama yake sallarsa a zaune, in zai yi sai in miƙe ƙafata don sarƙar ta saki masa. Ni ma a kwanakin farko ina addu'a, ina rera waƙoƙin sujada a cikin zuciyata.

A rana ta uku suka zazzage jakata suka ga sifana da filaya. Wani yaro da bai wuce shekara 17 ba, bindiga rataye a kafaɗa, ya ce, "Kayan wane ne wanga?" Na ce nawa ne. Ya ce, "Ashe makanike munka kamo." Daga ranar aka fara turo mini babura. In wanke kafireta, in canja fulogi, in ɗaure kuloci, in yi facin taya. Ban ce a'a ba ko sau ɗaya. Ladana shi ne ƙarin tuwo, wata rana har da tsokar akuya, ni ma na san ba sayenta suka yi ba.

Farkon Satumba gwamnati ta sa aka rufe layukan waya a duk Zamfara, aka hana cin kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. A gari an yi haka ne don a matse su. A daji kuwa kanmu matsin ya sauka. Ba waya, ba ciniki, abinci ya ja baya, duka ya ƙaru. Fetur ya zama kamar zinariya, don haka suka ƙara matsa mini in saita musu injuna yadda ba za su sha mai da yawa ba. Na saita.

Wani dare suka fita da yawa. Da asuba na ji dawowarsu tun daga nesa. Bakanike yana gane kukan injin da ya gyara kamar yadda uwa ke gane kukan ɗanta a cikin yara, kuma na gane uku a cikinsu, da hannuna na tashe su jiya da yamma. Da gari ya waye na ga abin da suka ɗauko: mutane sababbi, a cikinsu da wata mata da goyo a baya, ƙafarta babu takalmi, tana ta kiran sunan mijinta, ba wanda ya amsa.

Ranar addu'ata ta mutu. Nakan fara "Ubanmu wanda yake cikin sama," in na zo wajen neman gafara sai harshena ya yi nauyi. Daga baya na daina farawa ma. Har na faɗa a raina, in dai kana gani ka yi shiru, to ni da kai mun raba gari. Dattijo ya lura. Ya ce, "Yaro, kwana biyu ban ga kana taka addu'ar ba." Na ce, "Baba, ta ƙare." Ya dube ni ya ce, "Allah na sane da mu," ya ci gaba da jan carbinsa.

Akwai abin da ya fi gyaran baburan ci mini rai, kuma sai na faɗe shi, in ba haka ba wannan shaida ta zama ƙarya. Da farko in an ba ni nama ina raba shi da Baba. Da yunwa ta yi tsanani, wata rana aka miƙo mini tsoka, na juya masa baya na cinye ni kaɗai. Ya ji ƙamshin, ya ji taunar, bai ce uffan ba. A lokacin zazzaɓi da gudawa sun riga sun kama shi. Bayan kwana huɗu ya damƙa mini carbinsa, ya gaya mini sunan ƙauyensu da sana'ar babban ɗansa, ya ce in Allah ya fitar da ni in kai masa. Cikin dare ya cika. Sai da rana ta fito suka zo suka kwance sarƙar da ta haɗa ƙafata da tasa.

Kwana 41 na yi. Sai da na dawo na ji yadda aka yi na fito. Yayana ne ya ɗauki maganar a kansa. Da aka rufe waya, kullum sai ya shiga mota ya tafi Funtuwa neman inda layi ke kamawa, ya zauna yana jiran kiran da ba shi da lokaci. Da aka rufe na Funtuwa ma, ya ƙara gaba har Zariya. Sun zage shi, sun kashe waya a kunnensa, sun canja magana bayan an daidaita, bai fasa ba. Ya sayar da shanun huɗarsa biyu da gonar da ya gada. Matata ta sayar da keken ɗinkinta. Zumuntar Mata suka yi karo-karo, abokan aikina Musulmi na gareji su ma suka haɗa nasu suka kawo ba tare da an roƙe su ba.

Ranar Lahadin godiya majami'a ta cika. Mata suna ta buga tulu suna guɗa, wani dattijo ya tashi ya ce Allah ya fito da Daniyel daga ramin zakoki. Ina zaune a gaba da sabuwar riga, ina jin kaina kamar ɓarawon da aka naɗa wa rawani. Daniyel don addu'a aka jefa shi rami. Ni a ramin na yar da tawa.

Daga nan na shiga wani dajin da ya fi na farko duhu. In an zo jibin Ubangiji, wato cin gurasa don tunawa da mutuwar Yesu, faranti ya iso gabana, sai in miƙa wa na kusa da ni. In na buɗe Littafi, ayoyin hukunci kaɗai idona ke gani: Ibraniyawa sura 6 a kan waɗanda suka ɗanɗana baiwar sama suka fanɗare, da Matiyu 10:33 inda Yesu ya ce wanda ya yi musun saninsa a gaban mutane, shi ma zai yi musun saninsa a gaban Ubansa. Na yanke wa kaina hukunci cewa layin Yahuza, wanda ya ci amanar Yesu, nake. Carbin Baba kuwa na ƙulle shi a leda na tura ƙarƙashin akwatin kayan aiki, domin ban san da wane ido zan dubi ɗansa ba. Matata takan farka ta tarar da ni zaune a bakin gado. Ta ce, "Maigida, mu yi addu'a." In ce, "Ki yi, ina jinki."

Akwai wani tsohon mai bishara a ikilisiyarmu, ya daɗe da yin murabus, ya yi aiki a ƙauyuka tun ana yawon wa'azi da keke. Wata Talata ya turo tsohon babur ɗinsa garejinmu. Na tayar, na saurara, na duba mai, na duba fulogi. Na ce, "Baba, ai ba abin da ya sami babur ɗin nan." Ya ce, "Na sani, ɗana. Mai gyaran na zo dubawa. Wata biyar ina lura da kai, faranti na wuce ka."

Muka zauna a kan benci ƙarƙashin dogon yaro. Ban san yadda aka yi ba, na zazzage masa komai, har naman. Na zaci zai ce mini ba komai, tilas ce. Da ya faɗi haka da na tashi na bar shi, domin na san da komai. Sai ya ce, "Gyaran babur da bindiga a kanka, Allah ya fi ni sanin nauyinsa. Naman nan kuwa zunubi ne, kada ka sa masa wani suna. Maganar da ka faɗa wa Allah ita ma zunubi ce." Na ji wani irin sanyi, don a karo na farko wani ya yarda da ni cewa ciwon na gaske ne.

Sa'an nan ya tambaye ni, "Cikin kwana 41 ɗin nan, sau nawa ka yi magana da yayanka?" Na ce sau biyu, da suka ba ni waya suna dukana don ya ji kukana. Ya ce, "Sauran kwanakin fa, da bai ji muryarka ba, ya daina zuwa Funtuwa?" Na yi shiru. Ya ciro Littafinsa daga aljihun babbar riga, bangonsa ya sha faci da salatif, ya buɗe Luka 22, aya 31 da 32, ya ce in karanta da ƙarfi. Wurin da Yesu, a daren da za a bashe shi, yake gaya wa Siman Bitrus cewa Shaiɗan ya nemi izini ya sheƙe su kamar alkama, amma shi ya yi masa addu'a kada bangaskiyarsa ta ƙare, in kuma ya juyo ya ƙarfafa 'yan'uwansa.

Ya ce, "Duba da kyau. Shiƙar ta ku ce, duka almajiran. Addu'ar kuwa maka ce, mutum ɗaya, da sunansa. Yaushe aka yi addu'ar, kafin zakara ya yi cara ko bayan ya yi?" Na ce kafin. Ya ce, "To. Bitrus bai faɗi ba tukuna, yana ma cika baki cewa zai bi shi har kurkuku har mutuwa, an riga an roƙa masa hanyar dawowa. Yesu bai ce in ka juyo wataƙila ba. Ya san zai juyo, don ya san abin da ya roƙa. A daren nan Bitrus ya yi addu'a? Barci ya yi a Getsamani, ya tashi ya ce sau uku bai san shi ba, har da rantsuwa. Addu'ar wa ta riƙe shi?"

Na taso ina ganin innata tana shiƙa a bayan gida. Ta ɗaga ƙwarya sama, ta zubo hatsi a hankali, iska ta kwashi ƙaiƙayi ta yi gaba da shi, tsaba ta sauka a faifai. Ina zaune a kan bencin nan na ga abin da dajin ya yi mini. Iska ta kwashe mawaƙin, ta kwashe mai zakka a kan lokaci, ta kwashe mutumin kirkin da nake nuna wa Allah. Na ɗauka shi ke nan ba abin da ya saura. Amma wane ne yake kuka da dare don ya ɓata wa Yesu rai? Wanda bangaskiyarsa ta mutu ɗungum ba ya wannan kukan.

Tsohon mai bisharar ya buɗe mini Ibraniyawa 7:25, cewa Yesu yana da ikon yi wa masu zuwa wurin Allah ta wurinsa cikakken ceto, da yake kullum a raye yake yana roƙo dominsu. Ya ce firistocin dā mutuwa ke raba su da aiki, wani ya gaji wani, wannan kuwa ba ya mutuwa, ba ya sauka. Ya tuna mini da babban firist a Fitowa sura 28, wanda ke shiga gaban Allah da duwatsu 12 a ƙirjinsa, kowane da sunan kabila ɗaya ta Isra'ila. Mutanen suna waje, wasu ma suna gunaguni a cikin zango, sunayensu kuwa suna ciki a kan ƙirjin wani. Sai 1 Yahaya 2:1, wadda aka rubuta wa masu bi don kada su yi zunubi, amma ta ce in wani ya yi, muna da mai tsaya mana a wurin Uba, Yesu Almasihu mai adalci. Mai bisharar ya buga yatsa a kan kalmar ya ce, "Mai adalcin shi ne. Ba a ce kai ba."

Na daɗe ina juya misalin yayana a raina, kuma dole in faɗi inda ya tsaya, don kada wani ya karanta wannan ya ɗauki Allah Uba a matsayin mai riƙe da mu a sarƙa, Yesu yana lallashinsa ya sake mu. Sam ba haka ba ne. Yayana da maƙiya yake ciniki. Yesu kuwa a gaban Uban da ya aiko shi yake roƙo. Romawa 8:32 ta ce Uban ne bai hana Ɗansa ba, ya ba da shi dominmu duka. Aya ta 34 ta yi tambaya, wa zai hukunta mu, ta amsa da cewa Almasihu ne ya mutu, aka tashe shi, yana dama ga Allah, yana roƙo dominmu. Mai roƙon da wanda ake roƙa bakinsu ɗaya. Abin da yake nunawa kuma ba hawayena ba ne, ba alkawarin da zan yi na gyara hali ba, jininsa ne da aka riga aka zubar sau ɗaya. Hausa ma ta taimake ni a nan. Kalmar ceto a bakinmu tana ɗauke da fitar da mutum daga halaka, tana kuma ɗauke da tsaya masa a gaban mai hukunci. Ni dā rabin farko kaɗai na sani, cewa ya cece ni a kan gicciye tun tuni, saura ya rage nawa. Ban san har yau yana kan aikin ba.

Wadda ta fi karya mini zuciya ita ce Romawa 8:26. Ta ce ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, amma Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa da baki. Na tuna daren da nake kwance da gawar Baba a ƙafata, ba kalma ko ɗaya a bakina, sai nishi kawai nake har asuba. Ni na lissafa daren a cikin dararen da ban yi addu'a ba.

Na ji masu cewa irin wannan koyarwa tana sa mutum ya saki jiki, ya yi ta zunubi tunda akwai mai roƙo. Na fahimci tsoronsu, amma ni abin da na gani a jikina daban ne. Wata biyar ina cikin tsoron hukunci, tsoron bai sa na ciro carbin nan daga ƙarƙashin akwati ba, ƙara tura shi ciki ma ya sa na yi. Wanda yake ganin an riga an kore shi daga gida ba ya share tsakar gidan. Sai da na yarda cewa ba a kore ni ba, cewa hannun da Yesu ya ce ba mai ƙwace tumakinsa daga ciki a Yahaya 10:28 bai buɗe ba ko a daji, sa'an nan na sami ƙarfin duban abin da na yi ido da ido. Na je gaban fasto da dattawan ikilisiya na faɗa musu Daniyel ɗin da suka yi wa guɗa ba haka yake ba. Na gaya wa matata. Ta yi kuka, ta ce ta daɗe da sanin akwai abin da na baro a dajin, kullum shi take roƙa a dawo mini da shi.

Ban warke duka ba. Har yau in babura da yawa suka wuce tare, sifana takan faɗi daga hannuna. Ban san garuruwan da injunan nan uku suka shiga ba, kuma matar nan mai goyo tana zuwa mini a mafarki. Ina yi mata addu'a, ita da ɗanta, da yaron nan mai bindiga da ya ce makanike sunka kamo.

Neman ɗan Baba ya ɗauke ni mako uku. Ƙauyensu ya watse, mutanen sun bazu. A ƙarshe na same shi a wata tasha a nan Gusau, yana sayar da goro a faranti kamar mahaifinsa. Na gaishe shi, na ce, "Malam, ni ne wanda aka ɗaure tare da Baba." Na kwance ledar na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya kai hancinsa, ya daɗe a haka. Na gaya masa yadda Baba ya yi jinya, yadda bai bar salla ba har ƙarshe, na kuma gaya masa zancen naman, ban rage komai ba. Na ce ya yafe mini in zai iya.

Ya yi shiru har na zaci ba zai amsa ba. Sai ya ce, "Ya samu yin kalmar shahada?" Na ce, "Ya yi, da kunnena na ji." Ya share ido da bakin riga ya ce, "Alhamdu lillahi. Yunwa ba ta da kunya, ɗan'uwa. Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya zaɓi farin goro babba guda biyu ya sa mini a aljihu, na yi na yi in biya ya ƙi.

Ranar Lahadin jibin da ta biyo baya na zauna a inda na saba, kusa da taga. Tsohon mai bishara yana layin gabana, bai waiwayo ba. Faranti ya taho hannu zuwa hannu har ya iso wurina. Na dubi yatsuna, baƙin mai yana nan a ƙarƙashin farce, ba sabulun da ke fitar da shi duka. Na sa hannu na ɗauki gurasar.